Yadda Ake Gyara Ƙaramar Tankar Roba a Tsufar da Ita, Mataki-Mataki

Tun da na fara nuna ƙananan tankokin yaƙin da nake haɗawa, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: ta yaya robar da ta fito daga kwali tana sheƙi take komawa kamar ƙarfen da ya sha rana da taɓo? Wasu sun ce sun gwada, abin ya fito kamar an tsamo shi daga kwata. Wasu kuma sun tara kwalaben fenti sun rasa wadda za su fara buɗewa. Shi ya sa na zauna na jera aikin daga farko zuwa ƙarshe, yadda nake yin sa a kan teburina.

Zan yi misali da T-34-85, tankar Tarayyar Sobiyet ta yaƙin duniya na biyu, a ma'aunin 1/35, domin launinta ɗaya ne kuma jikinta na da wuraren gyara da yawa. A wannan ma'auni, milimita 1 a jikin roba daidai yake da santimita 3.5 a jikin tankar gaske. Ku riƙe wannan lissafi, za mu yi ta komawa gare shi.

1. Nemi hoto kafin ka taɓa wuƙa

Ka samo hoton tanka guda ta gaske, ta wani wuri da wani lokaci da ka sani, ka ajiye shi a gabanka har ka gama. Wadda ta ratsa taɓon bazara a Yukiren a 1944 dabam take da wadda ta shiga Balin a Afrilun 1945 cikin ƙurar rusassun gine-gine, da farin layi zagaye da kan tankar, wato ɓangaren sama mai juyawa da ke ɗauke da bindiga. Hoton ne zai gaya maka inda datti ke taruwa da inda ba ya zuwa. Wanda ya fara ba hoto, duk dabarar da ya taɓa gani sai ya zuba ta a kan tanka ɗaya: tsatsa, ƙanƙara, ƙurar hamada, duk a wuri guda.

Gargaɗi: kada ka dogara da tankokin gidajen tarihi wajen launi da tsatsa. Yawancinsu an sake musu fenti, wasu sun shekara da shekaru a waje.

2. Kayan aiki, da inda kuɗi ke tafiya

Na dole ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yanka, wuƙa mai sabuwar reza, sanfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, hantsaki, ɗan mahujin hannu da bakunansa daga milimita 0.3 zuwa 1, gam ɗin roba mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin, sufa gulu, foti, da buroshi uku ko huɗu. A cikinsu a samu siriri mai kaifin baki, da mai faɗi, da tsoho mai tauri da ba ka jin ƙyashin lalata shi.

Ɓangaren fenti kuwa: fentin shimfiɗa, fentin akirilik na launin tankar, banish mai sheƙi da marar sheƙi, fentin mai na masu zane launi huɗu (fari, baƙi, ruwan ƙasa mai duhu, rawaya mai ƙasa-ƙasa), tina marar wari ta fentin mai, da garin launi kala biyu ko uku.

Abin da ya fi cin kuɗi shi ne bindigar feshi da kwamfuresarta. Tana da amfani ƙwarai, amma ga tanka mai launi ɗaya gwangwanin feshi ya wadatar a karon farko. Fentin mai kamar yana da tsada, sai dai bututu ɗaya kan yi shekaru, don abin da ake ɗiba bai wuce kan tsinke ba. Inda nake hana sabon shiga kashe kuɗi shi ne sarƙar ƙarfe (wadda tanka ke tafiya a kanta) da siraran kayan tagulla da ake sayarwa dabam. Wani lokaci kuɗinsu kan kai na tankar kanta, kuma sai hannu ya faɗa ake jin daɗinsu. Garin launi ma, idan babu, a kankare busasshen allin zane da reza, amma ban da mai maiƙo.

3. Haɗawa da share tabon masana'anta

Ka yanko kowane yanki nesa kaɗan da jikinsa, sannan ka share ragowar da wuƙa. Idan ka yanka daf da jiki, robar kan yi fari ta yage. Kowane yanki yana da siririn layi inda baki biyu na mazubin suka haɗu. Ka kankare shi da bayan reza, musamman a tayoyi da bututun bindiga. Layin da ido bai gani yanzu, zai fito ɓaro-ɓaro da zarar ruwan launi ya bi ta kansa.

Gam ɗin roba narka robar yake yi ya haɗe ta. Ka haɗa yankunan biyu tukuna, sai ka taɓa bakin buroshi a mahaɗar, gam ɗin zai bi tsagin da kansa.

Gargaɗi: kada yatsanka ya kasance a kan mahaɗar lokacin. Gam zai bi ƙarƙashinsa ya buga zanen yatsanka a jikin tankar.

Kada ka manne duka yanzu. Kan tankar, tayoyi da sarƙa su zauna dabam har bayan fenti.

4. Gyare-gyaren da ke sauya kamannin tanka

Nan ne na fi daɗewa, don nan ne tankarka ke rabuwa da ta kowa.

Fara da fatar kan tankar. Kan T-34-85 zubin ƙarfe ne, fatarsa na da kaushi da ƙuraje, alhali gangar jikin faranta ne da aka haɗa da walda. Wasu kamfanonin kan fito da kan sumul. Ka narka ɗan foti da gam mai ruwa har ya yi kauri kamar kunu, ka shafa a wuri kaɗan, ka daddanna shi da tsohon buroshi mai tauri a tsaye. Mr. Surfacer 500 ma yana yin wannan aiki. Idan ya kwana ya bushe, ka bi da sanfefa 600 sama-sama don kwantar da tsinin. Rufin kan dai faranti ne, kada ka taɓa shi.

Sai walda. Ka yanko guntun firam ɗin robar da kayan suka zo a jiki, ka riƙe tsakiyarsa a saman kyandir kana juyawa, idan ya yi laushi ka janye daga wuta ka ja shi a hankali ya zama zare. Ka kwantar da zaren a mahaɗar faranta, ka jiƙa shi da gam sau biyu, ka jira kamar minti 2, sannan ka bi shi da bakin wuƙa kana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Waldar masana'antun Sobiyet a lokacin yaƙi ba ta cika tsafta ba, don haka kada ka damu idan ba ta miƙe sak ba.

Mariƙan hannu da sojojin ƙasa ke kamawa idan sun hau bayan tanka, na roba sun cika kauri kuma suna karyewa. Ka yi sababbi da wayar tagulla ta milimita 0.5, wadda a jikin tankar gaske ta kai kusan santimita 2. Ka lanƙwasa su duka a kan abu ɗaya don faɗinsu ya zo daidai, ka huda rami, ka dasa da sufa gulu. Gam ɗin roba ba ya kama ƙarfe. Ka ɗan lotsa ɗaya ko biyu, domin abin da takalma ke takawa kullum ba ya zama a miƙe.

Bakin bindigar mashin da bakin salansa, a huda su. Ka fara yin alama da tsinin wuƙa a tsakiya, in ba haka ba mahujin zai zame.

Madigadi kuma, wato farantin da ke saman sarƙa, siririn ƙarfe ne da ke lanƙwashewa da ya bugi bango ko bishiya. Robar kwali kan kai kaurin milimita 1, ka ga santimita 3.5 ke nan, ya zama sulke. Ka kankare shi ta ciki har haske ya fara ratsa shi, sannan ka lanƙwasa da filaya, ko ka yanke ɗaya daga cikin na gaba baki ɗaya kamar yadda ake gani a hotuna da yawa.

Gargaɗi: kada ka lanƙwasa roba da wuta kai tsaye. Narkewa take yi ta dunƙule, kuma ƙarfe ba ya lotsewa haka. Sulke mai kauri kuwa ba ya lotsewa sam, sai dai harsashi ya ƙwaƙule shi ko ya huda.

Idan ka sayi ƙarin kaya na rezin, ka goge su da jiƙaƙƙiyar sanfefa kuma ka sa takunkumi, don ƙurarsa na cutar da huhu.

Ga mai haɗa tankar Jamus: manna nan mai layi-layi da ake kira Zimmerit an shafa ta ne daga ƙarshen 1943 zuwa Satumban 1944. Ka duba lokacin da aka ƙera tankarka kafin ka sa ko ka bari.

5. Sarƙa

T-34 ba ta da ƙananan tayoyin sama masu tallafe sarƙa, don haka sarƙarta kwanciya take yi a kan manyan tayoyi biyar na kowane gefe. Ta Panzer IV ta Jamus tana ɗan zuba tsakanin ƙananan tayoyinta, ta Sherman ta Amurka kuwa a ɗaure take tam. Idan sarƙarka mai ƙwaya-ƙwaya ce, ka jera ta a kan tebur, ka bi da gam, ka jira minti 20 zuwa 30 ta kama amma ba ta sandare ba, sannan ka naɗa ta a tayoyin ka bar ta ta kwana. Washegari ka zare ta a sassa biyu don fenti. Ka lura ƙwayoyin sarƙar T-34 iri biyu ne, mai haƙori da marar haƙori, ɗaya bayan ɗaya.

6. Fentin shimfiɗa da launin asali

Ka wanke tankar da ruwa da ɗan sabulu don cire maiƙon hannu, ta bushe sarai. Fentin shimfiɗa yana sa roba da waya da foti su zama fata ɗaya, kuma yana tona duk aibin da ya saura. Abin da ya tona, ka gyara yanzu.

Launin T-34 kore ne da ake kira 4BO. Na Amurka Olive Drab ne. Jamus kuwa ta bar toka mai duhu ta koma rawaya mai duhu a Fabrairun 1943. Ko wanne ne, ka ɗan haska shi da rawaya ko fari, domin duk matakan da ke tafe duhu suke ƙarawa. Idan da bindigar feshi ne, ka tsinka fentin ya yi kamar madara, iska tsakanin 15 zuwa 20 a ma'aunin kwamfuresa, ka yi shafe uku marasa kauri. Sai ka ƙara hasken launin kaɗan ka fesa a saman kai da tsakiyar faranta, inda rana ta fi duka.

Ga ƙa'idar da duk sauran aikin ya rataya a kanta: launin asali ya zama akirilik, tsufarwa kuma ta zama da fentin mai ko inamel. Tinar fentin mai ba ta cin akirilik da ya bushe, don haka kana iya gogewa ka sake ba tare da ka taɓa koren ba. Idan ka yi asali da inamel ka kuma zuba tina a kai, fentin zai tashi. A bar shi awa 24 kafin mataki na gaba.

Gargaɗi: feshi a ɗaki rufe ba ya yiwuwa. Taga a buɗe, takunkumi a fuska, wuta nesa.

7. Lambobi da alamu

Ka fesa banish mai sheƙi a inda lambar za ta zauna. A kan fenti marar sheƙi iska kan maƙale a ƙarƙashin sitikar, gefenta ya riƙa walƙiya kamar azurfa, kuma da wuya ya gyaru. Ka tsoma ta cikin ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa 10, ka ajiye ta saki takardarta, ka zamar da ita wurinta, ka matse ruwan da tsinken auduga. A kan fata mai kaushi sai da ruwan laushi irin Micro Sol. Za ta yamutse kamar ta lalace. Kada ka taɓa, da kanta za ta kwanta. Idan ta bushe ka rufe tankar duka da banish mai ɗan sheƙi kaɗan.

8. Lulluɓi da ɗigon lungu

Abubuwa biyu ne da ake yawan rikitawa. Lulluɓi shi ne tina da aka ɗan rina da fentin mai, ruwa-ruwa ƙwarai kamar an wanke buroshi a ciki. Ana shafa shi ko'ina da buroshi mai faɗi da aka tsane, don ya sauya yanayin launin ya haɗa lambobi da jiki. Ba a barin sa ya taru.

Ɗigon lungu ya fi kauri kuma ya fi duhu. Ka taɓa bakin siririn buroshi a gindin noti, ko layin walda, ko gefen murfin ƙofa, ruwan zai zagaye da kansa. Bayan minti 10 zuwa 15 ka share abin da ya wuce gona da iri da buroshi mai ɗanshin tina. Ka yi amfani da ruwan ƙasa mai duhu. Baƙi ƙirin yana sa tanka ta zama kamar zanen biro.

Gargaɗi: tina mai yawa tana sa roba ta yi gautsi. Na taɓa jiƙa sarƙar da na kwana biyu ina jerawa, ina kallo ta rabu ƙwaya-ƙwaya a hannuna. Tun daga ranar, sarƙar roba da fenti mai ruwa nake tsufar da ita, kuma ba na bari tina ta kwanta a gindin tayoyi.

9. Ɓarewar fenti

Wannan mataki ne ya fi lalata tankokin sababbin shiga, don yana da daɗi, hannu ba ya son tsayawa, garin neman ƙiba a samo rama. Ka tuna lissafinmu: tabon milimita 2 ya kai santimita 7 a jikin tankar gaske. Kuma tankokin yaƙin duniya na biyu da yawa ba su yi shekara a fagen fama ba, fentinsu bai samu lokacin zubewa ba.

Ka tambayi kanka ina mutum ke takawa, ina ƙarfe ke gugar ƙarfe. Gefen ƙofofi, mariƙan hannu, murfin inji, bakin madigadi, inda ake rataya igiyar ja. Nan kawai. Ka yago ɗan soso, ka riƙe da hantsaki, ka tsoma cikin kore mai haske fiye da na jiki, ka daddanna a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ka taɓa gefunan. Wannan shi ne ƙarzanen da bai kai ƙarfe ba. Sai ka ɗauki siririn buroshi ka ɗiga ruwan ƙasa mai duhu a cikin wasu daga cikinsu, ka bar hasken ya zagaye duhun. Ido zai ga zurfi a wurin.

Idan farin fentin hunturu kake so, wanda sojoji ke shafawa ya riƙa wankewa, ka fesa feshin gashi sau biyu a kan koren, ya bushe, ka fesa farin akirilik marar kauri. Bayan ɗan lokaci kaɗan ka jiƙa wuri da ruwa ka goga da buroshi mai tauri, farin zai riƙa ɓarewa. Kada ka bari ya kwana, zai yi taurin kai.

Gargaɗi: ba kowane ƙarfe ke tsatsa ba. Jikin motar sulke M113 ta Amurka alminiyom ne, tabonsa fari-fari yake fitowa.

10. Ɗigon mai da shatin ruwan sama

Ka matsa launukan mai a kan guntun kwali ka bar su kamar awa 1, kwalin ya tsotse maiƙon, don su bushe da wuri kuma kada su yi sheƙi. Ka ɗanɗana tina a faranti ɗaya, ka ɗiɗɗiga fari da rawaya da ruwan ƙasa da tsinken sakace, masu haske a sama, masu duhu a ƙasa da lunguna. A faranti mai gangara ka ja su ƙasa da buroshi mai faɗi har su kusa ɓacewa. A shimfiɗaɗɗen wuri ka daddanna su a zagaye. Abin da ake nema shi ne koren ya daina zama launi ɗaya, ba a ga ɗigon ba.

Faranti ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a ba shi kwana ɗaya ko biyu ya bushe. Idan sheƙi ya saura, nan ne wurin banish marar sheƙi, kafin ƙura.

11. Ƙura da taɓo

Daga ƙasa ake farawa, yana raguwa yayin da ake hawa. Ka haɗa garin launi biyu, don ƙasa ba ta zama launi ɗaya. Ka zuba shi a busasshe a bayan tayoyi da ƙasan madigadi, ka ɗiga tina kaɗan a gefe ta ratsa shi ba tare da ka motsa shi ba. Yana jiƙe zai yi duhu kamar ya ɓace, idan ya bushe hasken zai dawo fiye da yadda ka zata, don haka ka jira kafin ka ƙara.

Taɓo mai kauri kuwa, garin launi ne da ɗan filasta da banish na akirilik. Busasshe mai haske a fara sawa, ɗanye mai duhu a bisansa a wuri ƙanƙane, kusa da sarƙa. Don fantsama, ka tsoma buroshi cikin ruwan taɓon ka karce gashinsa da tsinke, bayan ka gwada a takarda. Ya fi yawa a baya, inda sarƙa ke watso shi.

Gargaɗi: banish a kan garin launi yana kashe shi kusan duka. Idan ka sa ƙura, kada ka ƙara fesa komai a kai.

12. Taɓawar ƙarshe

Injin T-34 na dizal ne, bakin salansarta biyu kan bar baƙin hayaƙi a farantin baya. Baƙin garin launi kaɗan, a busasshe, ya isa. Salansar kanta ita ce wurin da tsatsa ta halatta sosai, don zafi na cinye fentinta. Tsatsa ta kuma dace da ƙwayoyin sarƙa na safaya da ke rataye a jiki. Sarƙar da ke tafiya kuwa ƙasa na goge ta kullum. Ka goga bakin fensir a haƙoranta da fuskar da ke taka ƙasa da inda tayoyi ke bi, ka murza da yatsa, za ta yi ƙyallin ƙarfe. Haka gefen ƙofar da kwamanda ke dafawa.

Zubar mai a gefen gangunan da ke ɗaure a jiki da murfin inji, fentin mai baƙi da ruwan ƙasa ne da ɗigon banish mai sheƙi. Tabo biyu ko uku, wani a kan ƙura don ya nuna sabo ne, wani a ƙarƙashinta.

Sai ka mayar da tayoyi da sarƙa da sufa gulu kaɗan, ka ɗora kan, ka dasa eriya daga zaren robar da ya rage. Ka ɗauki hoton tankar da waya a hasken rana ka ajiye kusa da hoton da ka fara da shi, domin kyamara na nuna layin mazubi da sheƙin gam da ido ya saba da su ya daina gani. Daga nan kada ka ƙara kama ta da hannu tsirara. Ka ɗaga ta ta ƙasa da safar hannu, ka ajiye ta cikin akwati mai murfi inda rana ba ta kaiwa.